Gyaran Tsohon Gidan Haya na Ikilisiya: Me Za a Fara, Me Za a Bari Sai Baya?

Gabatarwa

Ikilisiyoyinmu da yawa suna da gidan haya. Wani tsohon gidan fasto ne da aka bari bayan an gina sabo. Wani kuwa wasiyya ce da wani dattijo ya bar wa ikilisiya. Wasu kuma shaguna ne da aka jera a jikin katangar majami'a. Da kuɗin hayar ake biyan mai bishara da ke ƙauye, ko a taimaki gwauraye da marayu. Shekara da shekaru ana karɓa, ba a mayar wa gidan kome ba. Ranar da sabon fasto ya zo, sai ya tarar rufi yana yoyo, bango ya tsage, 'yan haya suna gunaguni, asusu kuma ba nauyi.

Sai a kawo maganar gaban dattawa. Wannan ya ce a yi fenti, gama babban taron gunduma ya kusa, baƙi za su bi ta ƙofar gidan. Wancan ya ce a sa tayil domin a sami dalilin ƙara kuɗin haya. Ma'aji ya ce abin da ke hannu ba zai kai ko'ina ba. Dukan ayyukan nan ana bukatarsu, amma ba za su yiwu gaba ɗaya ba. Idan muka kuskure wanda za a fara, za mu biya kuɗin aiki ɗaya sau biyu, wani lokaci ma a rasa rai.

A wannan darasi za mu bi jerin da ya kamata: a duba gidan tukuna, a kawar da abin da zai iya kashe mutum, a tare ruwa, a gyara abin da ke ɓoye cikin bango da ƙasa, sa'an nan a zo kan abin da ido yake gani.

Darasi daga gyaran Haikali

Littafi Mai Tsarki ya ba mu labarin gyaran tsohon gini a 2 Sarakuna 12. Sarki Yowash ya umarci firistoci su riƙa karɓar kuɗi suna gyara duk inda Haikali ya lalace. Har shekara ta 23 ta sarautarsa ba a gyara kome ba. Kuɗi yana shigowa, amma ba a ware shi ba, ba kuma wanda aka ɗora wa aikin kai tsaye. Sai Yehoyada firist ya huda murfin akwati ya ajiye kusa da bagade. Idan kuɗi ya taru, magatakardan sarki da babban firist su ƙirga tare, su miƙa wa masu lura da aikin, su kuma su biya masassaƙa da magina, su sayi katako da dutse.

Mu lura da ayoyi 13 da 14. Ba a taɓa wannan kuɗi an yi tasoshin azurfa ko ƙahoni ko kayan zinariya ba. Dukansa ya tafi wurin masu gyaran ginin. Sai bayan an gama, kamar yadda 2 Tarihi 24:14 ya nuna, aka yi kayan hidima da abin da ya rage. Idan a ɗakin Ubangiji an jinkirta kayan ado har gini ya tsaya da ƙafarsa, balle gidan haya.

Mataki na 1: A duba kafin a taɓa

Da Nehemiya ya isa Urushalima bai tara mutane nan da nan ba. Ya yi kwana uku, sa'an nan ya fita da dare da mutane kaɗan ya zaga garun yana duba inda ya rushe (Nehemiya 2:11-16). Sai da ya gani da idonsa ya yi wa shugabanni magana. Hausawa ma sun ce gani ya kori ji.

Kwamitin gyara ya zaga gidan ɗaki ɗaki, da littafi a hannu, tare da magini da kafinta da mai aikin wuta waɗanda ba a riga an yi musu alkawarin aikin ba. A ɗaga silin a leƙa sama. A soka wa katakon rufi ƙusa. Idan ta shige ba wuya, gara ta gama da shi. A tambayi 'yan haya, musamman mata, gama su ne suka san inda ruwa yake kwanciya da soket ɗin da yake tartsatsi. In da hali, a komo a sake dubawa ana cikin ruwan sama.

Tsagar bango iri biyu ce. Akwai siririya ta saman filasta, wadda ba ta da haɗari. Akwai kuma wadda take tafiya a karkace daga kusurwar taga ko ƙofa, ta ratsa bulo har ana ganinta ciki da waje. Ga hanya mai sauƙi ta gwada ta: a shafa siminti kaɗan a kan tsagar, a rubuta kwanan wata kusa da shi. Idan bayan makonni simintin ya tsage, bangon yana motsi ke nan, sai a kira injiniyan gini. Kuɗin da za a ba shi bai kai asarar gyaran da zai sāke tsagewa ba.

A duba takardu kuma. Tun Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, gwamnan jiha ne yake ba da takardar shaidar mallakar fili a birane. Sunan wa ke kan takardar gidanmu? Idan har yanzu sunan dattijon da ya rasu ne, a daidaita da magadansa a rubuce, a mai da ita sunan amintattun ikilisiya kafin a sayi buhun siminti ko ɗaya. Gidan da ba wanda ya kula da shi yana kango, ranar da ya yi kyau masu shi sukan yi yawa.

Mataki na 2: Abin da zai iya ɗauke rai

Shari'ar Musa ta ɗora wa mai gida alhakin ran wanda ke cikin gidansa. Maimaitawar Shari'a 22:8 ta umarci mai gini ya yi wa soronsa rawani, domin kada wani ya faɗo jininsa ya hau kan gidan. Fitowa 21:33-34 ta sa wanda ya bar rami a buɗe ya biya abin da ya faɗa ciki. A gidan haya na ikilisiya, mu ne mai gida.

Saboda haka abubuwan nan ba sa jiran taron wata mai zuwa: bango ko katanga da ta karkata, lintal da ya tsage har rodi ya fito yana tsatsa, murfin salga ko na sokawe da ya rarake, rijiya marar murfi a gidan da yara suke, wayoyin wuta da aka ɗaɗɗaura da leda, soket da ya yi baƙi. Haka kuma inda ake kunna janareta a lungu rufaffe, gama iskar da ke cikin hayaƙinsa ba ta da wari, tana kashe mutane suna barci. Duk wanda ya tuna benen makarantar da ya rushe a Busa Buji cikin Jos a watan Yuli na 2024, inda fiye da mutum 20 suka rasu, yawancinsu ɗalibai, ya san gini ba ya ba da sanarwar ranar faɗuwarsa.

Idan kuɗin gyara bai samu ba tukuna, akwai abin da za a yi yau: a tokare bangon, a yanke wutar wannan sashe, a rufe salgar, a fitar da mutane daga ɗakin ko da za a rasa hayarsa. Idan kuwa injiniya ya ce harsashin ginin ya riga ya lalace, mu karɓi maganar. A Littafin Firistoci 14:33-45, gidan da tabo ya ci bangonsa akan cire duwatsun, a kankare, a sāke yaɓe. In tabon ya komo, sai a rushe gidan. Akwai lokacin da rushewa ita ce gyara.

Mataki na 3: A tare ruwa, daga sama zuwa ƙasa

Mai Hadishi 10:18 ya haɗa ragwanci da rufin da ya lotsa da gidan da ke yoyo. Ruwa shi ne babban mai cin gini. Ɗigo ɗaya daga ramin ƙusa yana jiƙa katako, katako ya ruɓe, silin ya kumbura, ruwa ya gangara cikin bango ya sami waya, filasta ta saki. Duk abin da muka gyara a ƙarƙashin rufi mai yoyo, damina ɗaya za ta mai da shi yadda yake dā.

A fara da katakon rufi kafin kwano. Sabon kwano a kan katakon da gara ta ci, iskar farkon damina za ta yaye shi. A canza wanda ya ruɓe, a shafa wa sauran maganin gara, a ɗaure rufin da bango sosai. Idan soron ƙasa ne, a duba azara, a sāke yaɓe, a buɗe indararo ya zubar da ruwa nesa da bango.

Sa'an nan a sauko ƙasa. Ruwan da ya zubo daga rufi ina yake zuwa? Idan yana kwanciya a gindin bango, yana jiƙa harsashi, ƙasar ƙarƙashi ta yi laushi, gini ya zauna ta gefe ɗaya, tsaga ta fito. Alamarsa ita ce fenti yana ɓarewa a ƙasan bango, da farin abu kamar kanwa. Maganinsa sau da yawa ba tsada: a cike ƙasa ta gangara daga bango zuwa waje, a yi ɗan dakali kewaye da ginin, a yashe kwata. Matasan ikilisiya suna iya yin rabin wannan aiki a Asabar ɗaya. Sai bayan an kawar da ruwan za a cike tsagar, in ba haka ba za ta sāke buɗewa.

Idan gidan yana da tsohon silin na asbesto, a yi hankali wajen sauke shi. Ƙurarsa tana lalata huhu, cutar kuma ba ta bayyana sai bayan shekaru. A jiƙa shi da ruwa, kada a farfasa ko a yanka da zarto, ma'aikata su rufe hanci da baki, 'yan haya kuma su fita daga wurin.

Mataki na 4: Abin da ke ɓoye cikin bango da ƙasa

Yanzu gida ya bushe, sai wayarin da bututun ruwa da sokawe. Dalilin sa su a nan a fili yake: mai wuta da mai famfo dole su fasa bango, su haƙa daɓe. Idan an riga an yi filasta da fenti, za a fasa abin da aka biya kuɗinsa jiya.

Tsofaffin gidaje an ja musu waya ne domin ƙwan fitila da fanka da rediyo. Yau a ɗaki ɗaya akwai firji, dutsen guga da hita. Siririyar waya tana zafi, zafin kuma shi ne gobara. A bar wa gwani wannan aiki. In zai yiwu a raba mita, gama kuɗin wuta na haɗaka yana cikin manyan abubuwan da ke haɗa 'yan haya faɗa.

Wajen salga da sokawe, a auna nisansu da rijiya. Masana kiwon lafiya suna ba da shawarar kimanin mita 30, kada ya gaza 15, kuma rijiya ta kasance ta wajen tudu. Inda suka yi kusa, ƙazanta tana bi ta ƙarƙashin ƙasa ta shiga ruwan sha, da damina sai amai da gudawa. A gwada kowace waya da kowane bututu kafin a rufe su.

Mataki na 5: Abin da ido yake gani

Daga nan sai ƙofofi da tagogi, filasta, silin, daɓe ko tayil, fenti a ƙarshe. A nan ma daga sama ake saukowa, domin kada aikin sama ya ɓata na ƙasa. A bar sabuwar filasta ta bushe sarai kafin fenti, in ba haka ba zai kumbura ya ɓare.

Fenti ba laifi ba ne, yana kāre bango, yana kuma girmama mazauna gidan. Laifin shi ne a sa shi ya rufe abin da ba a gyara ba. Annabi Ezekiyel ya kwatanta annabawan ƙarya da masu shafa farar ƙasa a kan bango marar ƙarfi, ya ce ruwa da iska za su tona asirinsu (Ezekiyel 13:10-15). Gidan da aka yi wa fenti alhali wayarsa tana tartsatsi kyan ɗan maciji ne. Idan muka karɓi haya mai tsada a kansa, mun ruɗi wanda ya amince da mu domin sunan ikilisiya.

Lokacin shekara

Jerin aiki yana tafiya da kalanda. A Jos da Kaduna ruwa yakan fara wajen Afrilu ya kai Oktoba; a Kano da Sakkwato yakan makara, ya kuma ɗauke da wuri. Damina lokacin dubawa ce da rubuta inda ke yoyo. Da kaka hannun manoma yana da nauyi, lokacin ne ya dace a nemi baiko na musamman. Rani kuwa lokacin aiki ne. Kada a buɗe rufi hadari yana haɗuwa. A yi nufin gama shi kafin ƙarshen Maris.

Aikin siminti da hunturu yana bukatar lura, gama busasshiyar iska tana shanye ruwansa kafin ya kama. A riƙa ba shi ruwa safe da yamma aƙalla kwana 7. Kankare kuma yakan ɗauki wajen kwana 28 kafin ya kai ƙarfin da ake ƙirga masa, saboda haka kada a yi gaggawar buɗe sabon murfin salga ga jama'a.

Kuɗi

Ubangijinmu ya yi misali da mai gina hasumiya wanda bai zauna ya yi lissafi ba, ya sa harsashi ya kāsa gamawa, ya zama abin ba'a (Luka 14:28-30). A nemi ƙiyasi a rubuce daga mutum biyu ko uku, a ware kuɗin kaya dabam, na aiki dabam. A ƙara aƙalla kashi ɗaya cikin goma a kai, gama tsohon gida sai an buɗe shi ake sanin abin da ke ciki.

Mu ɗauki misali. A ce gidanmu ɗaki 8 ne, kowanne naira 75,000 a shekara, jimla 600,000. A ce ƙiyasin dukan gyara ya kai hayar shekara uku. Kada mu raba kuɗin bana mu taɓa kome kaɗan kaɗan. Shekara ta farko a gama mataki na 2 da na 3. Ta biyu a yi wuta da famfo da sokawe. Ta uku a yi filasta da daɓe da fenti. Ko aikin ya tsaya a tsakiya, abin da aka gama ba zai lalace ba.

Amma ga tambaya mai wuya: idan hayar ta tafi gyara, wa zai biya mai bisharar da ke dogara da ita? Kada mu yanke masa albashi a ɓoye. A kawo maganar gaban ikilisiya, a samo inda za a cike gurbin kafin a ɗaga guduma. Bayan an gama kuma, a riƙa ware wani abu kowace shekara, misali hayar ɗaki ɗaya cikin takwas, a akwatin da ba a taɓawa sai don gidan. Akwatin Yehoyada ke nan.

A biya ɗan kwangila mataki mataki, bayan an duba abin da ya yi. Ko ɗan ikilisiya ne, a rubuta jinga, domin rubutu yana kāre zumunci. Leburori kuwa a sallame su ranar da suka yi aiki (Maimaitawar Shari'a 24:14-15). A zamanin Yowash ba a nemi lissafi daga masu lura da aikin ba saboda amincinsu, amma Bulus, wanda ba a shakkar amincinsa, ya sa waɗansu 'yan'uwa su raka baikon da aka tara domin kada wani ya sami abin zargi (2 Korantiyawa 8:18-21). Mu bi Bulus: mutum biyu su sa hannu, a ajiye rasit, a karanta rahoto a gaban jama'a. Fasto kada ya riƙe kuɗin gyara a aljihunsa.

'Yan haya

Ana tsakiyar ginin garu, talakawa suka kawo kuka cewa 'yan'uwansu suna ƙwace musu gonaki da 'ya'ya saboda bashi. Nehemiya bai ce su bari sai an gama aiki ba. Ya tara manya ya daidaita maganar (Nehemiya 5). Mu ma kada gini ya sa mu manta da mutanen da ke cikinsa. Waɗansunsu ba 'yan ikilisiya ba ne, waɗansu Musulmi ne maƙwabtanmu. Wataƙila ba za su taɓa jin wa'azinmu ba, amma sun san irin mai gidan da muke.

A tara su tun da wuri a gaya musu abin da za a yi da lokacin da za a yi shi. In akwai ɗaki da ba kowa, a fara da shi, sa'an nan a riƙa sauke mutum ciki ana gyara nasa. Wanda aka hana shi ɗakinsa wata guda, a rage masa hayar wata guda. Idan ya zama dole mutum ya tashi, a bi doka: a jihohi da yawa, in ba yarjejeniyar da ta ce dabam, mai biya shekara shekara yana da sanarwar wata 6, mai biya wata wata kuma wata 1.

Ƙarin haya bayan gyara ba zalunci ba ne, idan an sanar da wuri, kuma ba a taɓa wa'adin da mutum ya riga ya biya ba. Zalunci shi ne a fake da gyara a kori gwauruwar da ta yi shekaru tana haƙuri da yoyo, domin a sa mai kuɗi. Haka nan kada ɗakin ɗan'uwan dattijo ya riga ɗakin da bangonsa ya karkata. Yakubu 2:1-4 ya hana mu tara a wurin zama cikin majami'a. Hanin ya shafi jerin gyara ma.

Kammalawa

Ba a bukatar fasto ya zama magini. Aikinsa shi ne ya tsaya a taron dattawa ya riƙe jerin nan sa'ad da kowa yake jan nasa, ya yi wa mai son fenti bayani da haƙuri, ya kuma yarda baƙin babban taro su wuce su ga bango ba kyau alhali kuɗin ya tafi cikin rufi inda ba wanda zai yaba. Abin da ake nema ga mai riƙon amana shi ne a same shi da aminci (1 Korantiyawa 4:2). Gidan ba namu ba ne, wani fasto zai gāje shi bayanmu.

Tambayoyi don tattaunawa

1. Karanta 2 Sarakuna 12:4-15. Me ya hana gyara har shekara ta 23, me kuma ya canza bayan haka?

2. Zaga wani gini na ikilisiyarku, ka rubuta abubuwa goma da ke bukatar gyara, ka jera su bisa matakai biyar na wannan darasi.

3. Wani mai hali ya ce zai ba da kuɗi, amma fenti da tayil kaɗai ya yarda a yi da shi, rufin kuwa yana yoyo. Me za ka ce masa?

4. Injiniya ya ce a fitar da mutane daga ɗaki biyu. Mai ɗaya daga cikinsu gwauruwa ce da yara huɗu, ba ta da inda za ta. Mene ne hakkin ikilisiya a kanta?